Kamshaf biyu na saya kafin Golf ɗina ta yarda da iskar Jos

Golf 3 ɗin da nake hawa jikinta ɗaya da na 'yan tasi, amma cikinta daban ne. GTI ce mai inji lita 2 da bawul takwas (ƙofofin da iska ke shiga, hayaƙi ke fita), wanda Volkswagen suka yi wa lamba 2E, kuma a takarda ƙarfin doki 115 gare ta. Shekara biyu ina riƙe da ita ban taɓa cikin injin ba, sai dai canjin baƙin mai da filogi. Wata tafiya Abuja ce ta tayar min da hankali. Ina gangara Hawan Kibo na wuce Akwanga, sai na ji motar ta sake hali, da na ɗan taɓa totur sai ta zabura. Da na dawo gida ta koma yadda na san ta, tana tafiya kamar an lafta mata buhunan masara a but.

Dalilin a fili yake. Jos tana kan tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba. Iskar sama ba ta da kaurin ta ƙasa, kuma injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi, abin da ya shaƙa da kansa kawai yake ƙonawa. Duk hawan mita 300 yana cin wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa. Ke nan mu a Jos mun yi asarar fiye da kashi goma tun kafin mu murza makulli. Wannan asarar nake so in maido, shi ya sa na nufi kamshaf.

Ga wanda bai taɓa ganin an buɗe kan inji ba, kamshaf wani dogon ƙarfe ne mai ƙusoshi kamar ƙwai, yana juyawa sau ɗaya duk lokacin da kiranshaf, wato babban ƙarfen ƙasan inji da fistan ke juyawa, ya juya sau biyu. Ƙusoshin nan su ke danna bawul, su ke yanke lokacin da zai buɗe, zurfin da zai buɗe, da tsawon zamansa a buɗe. Ana auna tsawon zaman da digiri na juyin kiranshaf, shi ne lambobin da ake gani kamar 260, 268, 276, 288. Ni a lokacin abin da na ɗauka shi ne, lamba mafi girma ita ce ƙarfi mafi yawa. Na yi ta kallon bidiyon motocin Turai masu 288, injin yana wata irin gurnani a sulo yana girgiza mota, sautin ya shiga raina. Wani abokina da ke dawowa daga Ingila ya taho min da kamshaf mai 288.

Na kai wa Baba, tsohon makaniken da ke duba min mota a Farin Gada, mutumin da ya fara aiki tun zamanin da Fijo 504 ke fitowa sabuwa daga Kaduna. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya shafa ƙusoshin da babban yatsa, sannan ya ɗago.

"Alhaji, wannan ai na filin tsere ne. Ina za ka je da shi?"

Na ce, "Baba, cikin gari mana, da Abuja lokaci-lokaci."

Ya ce, "To zan sa maka, motarka ce. Amma ka ajiye tsohon, kada ka sayar."

Ranar da aka tayar da ita, sautin da nake nema ya fito sak. Yaran gareji suka bar aikinsu suka zo suna saurare. Farin cikin bai kai Terminus ba. A cunkoson kasuwa, duk tashi sai na ƙara totur ina riƙe kuloci rabi, in ba haka ba ta mutu. Na kunna esi, ta mutu. Abin da ya fi tsorata ni birki ne: in na taka sau biyu ko uku a jere ina tafiyar kunkuru, sai fedar ta yi tauri kamar na taka dutse, ga 'yan Keke suna gilmawa ta gabana. Daga juyi 4,000 a minti zuwa sama kam motar tana tashi kamar an tsikare ta, wannan gaskiya ne, ban taɓa jin ta haka ba. Sai dai a wace hanya ce cikin Jos mutum zai riƙe inji a nan? Kuma tana cikin jin daɗin numfashi, da an wuce 6,000 kaɗan, kwamfutarta za ta yanke mai.

Na koma wurin Baba bayan mako biyu. Bai yi min gori ba. Ya cire filogi ya ɗaura agogon gwada matsi a silinda ɗaya bayan ɗaya. Duka huɗun sun sauka daga inda suke kafin aikin, kuma sun sauka daidai wa daida. Ya ce da ringi ne ko bawul ya ƙone, da ɗaya zai bambanta da sauran. Wannan aikin kamshaf ne.

A nan na zauna kan benci ya yi min karatun da ya kamata in nema tun farko. Babban kamshaf yana jinkirta rufe bawul ɗin shigar iska har fistan ya yi nisa da fara hawa. In inji yana gudu sosai, iskar da ke shigowa tana da ƙarfin tunkuɗa, tana ci gaba da cusa kanta ko da fistan ya juyo, silinda ya cika maƙil. In kuwa inji yana tafiya a hankali, fistan sai ya koro wani kaso na iskar ya mayar da ita inda ta fito. Abin da ya rage a matse kaɗan ne. A Legas ko Landan ana iya jure wannan, domin iskar da ta rage tana da kauri. A Jos iskar dama sirara ce, ga shi kuma an zubar da wani kasonta. Ni da na fito neman abin da tsauni ya ɗauke min, sai na ƙara wa tsaunin hannu.

Sai abu na biyu, wanda makanikai ke kira obalaf: ɗan lokacin da bawul ɗin shiga ya fara buɗewa alhali na fitar hayaƙi bai gama rufewa ba. Shi ne ke haifar da gurnanin da ya burge ni, domin a sulo hayaƙi yana komowa ya gauraya da sabuwar iska, ƙonewa ta riƙa tsalle. Shi ne kuma ke rage zuƙar da inji ke yi, zuƙar da sarbo ɗin birki ke dogara da ita don sauƙaƙa wa ƙafa. Injin 2E kuma yana auna iska da wani ɗan marfi mai lilo. Iskar da ke kai da komowa tana kaɗa marfin, kwamfuta ta rikice ta zuba mai fiye da kima. Filogina sun yi baƙi ƙirin. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ba wanda zai ga allurar tanki tana sauka haka hankalinsa ya kwanta.

Baba ya mayar da tsohon kamshaf, ya ba ni aikin mako guda. Ya ce in riƙa duban agogon juyin inji a duk inda na saba bi, in rubuta. Daga gida zuwa Bukuru, titin Bauchi, titin Zariya, kai yara makaranta. Abin da na samu ya ba ni mamaki. Kusan duk rayuwar motar tsakanin 1,500 da 3,500 take. Sau ƙalilan na haura 4,500, shi ma wajen wuce tirela ne. Kamfanin da ya ƙera injin ma a 3,200 ya ajiye ƙololuwar ƙarfin jansa, wato tsakiyar inda nake zama.

Da wannan takardar na koma neman kamshaf na biyu, kuma a wannan karon na karanta abin da ke ƙasan babbar lamba. Kamfanoni irin su Piper da Kent na Ingila suna rubuta iyakar juyin da kowane kamshaf yake aiki a cikinta, daga kaza zuwa kaza. Na kuma gane cewa 268 na wani kamfani ba lalle ya zama 268 na wani ba, domin kowa da wurin da yake fara ƙirga. Abin da ake iya kwatantawa shi ne awon da aka yi bayan bawul ya ɗaga milimita 1, ko inci 0.050 a lissafin Amurkawa. Na zaɓi 268 mai ƙaramin obalaf, wanda aka yi don tafet mai aiki da mai irin na injina, wato ɗan ƙarfen da ke tsakanin ƙusar kamshaf da bawul.

Aikin na biyu ya fi na farko natsuwa. Mun sa sababbin tafet guda takwas, domin tafet ɗin da ya saba da wani kamshaf yana iya cinye ƙusoshin sabo cikin ɗan lokaci. Kuɗin ya yi min ciwo, karo na biyu ke nan ina sayensu, amma ban yi gardama ba. Baba ya danna kowane sifirin ɗin bawul ya tabbatar bai haɗe jikinsa ba a cikakken buɗi. Aka kai kan injin wurin masu injin sassaƙa aka rage masa rabin milimita don matsi ya ɗan ƙaru. Na so a ƙara, ya hana. Ya ce motar tana sauka Abuja, inda iska ta fi kauri zafi kuma ya fi yawa, can ne injin da aka matse da yawa ke fara ƙarar ƙyal-ƙyal. Ya liƙa ɗan yumɓu a kan fistan, ya juya inji da hannu, ya cire ya duba kaurin da ya rage tsakanin fistan da bawul.

Rage kan inji yana sa taimin ɗin kamshaf ya ɗan ja baya, tunda tazarar bel ta canza. Don haka muka sa fuli mai daidaitawa, Baba ya maido da abin da ya ɓata, ya kuma ƙara masa digiri biyu gaba domin bawul ɗin shiga ya rufe da wuri, ƙarfi ya sauko ƙasa inda nake buƙatarsa. Da aka tayar, bai bar ta ta zauna a sulo ba. Minti ashirin ya riƙe ta tsakanin 2,000 da 2,500 don mai ya wadaci ƙusoshin su zauna da tafet, sannan muka zubar da man muka sa sabo da filta.

Yanzu a sulo akwai 'yar rawa kaɗan, wadda sai mai kunne zai ji. Esi ba ya kashe ta, birki ya dawo da laushinsa. Daga 2,500 take fara ja da wani nauyi da ba ta da shi a da, kuma ba ta shaƙewa a 5,000 kamar yadda ta saba. Ba ta zama motar Abuja ba, iskar Jos tana nan yadda Allah ya yi ta. Amma watan jiya na hawo Hawan Kibo da uwargida da yara uku da kaya cike da but, a giya uku, na wuce tireloli biyu ban nemi giya biyu ba. Uwargida da ta sha jin motar tana mutuwa a Terminus ta ce, "Baban yara, yau kam ta huce."

Na 288 ɗin yana cikin akwatin Baba, an shafe shi da giris an naɗe da tsumma. Abin da ya rage min shi ne bakin salansa, wanda har yanzu na kamfani ne. Baba ya ce in bari sai na yi wata uku ina hawa, mu sake cire filogi mu ga launinsu tukuna.