Abin da 'yan aji ɗaya suka koya mini game da tsoro

A kwalejin horar da malamai an koya mana tsara darasi, da rubutu a allo, da yadda ake cika rajista. Babu darasin da ya taɓo yaro ɗan shekara shida da ke shigewa ƙarƙashin benci da zarar babur ya wuce da gudu a bayan taga. Wannan sai a bakin aiki, kuma a firamaren da nake koyarwa a gefen Gusau ba baƙon abu ba ne. Kusan kowane zangon karatu sai an kawo mana sababbin yara daga ƙauyukan Maru, ko Tsafe, ko Zurmi, waɗanda iyayensu suka tsero daga ɓarayin daji, wasu suna raɓe a gidan dangi, wasu a kangaye.

Abu na farko da na gane shi ne ƙaramin yaro ba ya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa. Jikinsa ne ke faɗa. Ciwon ciki kullum da safe wanda magani bai san da zamansa ba. Fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da dainawa. Cizo da duka ba gaira ba dalili, ko kuma shiru irin wanda za ka kira suna har ka gaji ba a ɗago kai ba. Mu manya kuwa muna da sunayen da muka tanada wa kowanne: wannan taurin kai, wancan daƙiƙanci, mai firgita cikin dare kuma shafar aljanu. Biyun farko maganinsu bulala a wurin mutane da yawa. Ni dai ban taɓa ganin bulala ta fitar da tsoro daga zuciyar yaro ba, sai dai ta koya masa ɓoye shi.

Takarda da fensir sun fi tambaya aiki. Idan na raba musu na ce kowa ya zana abin da ya ga dama, 'yan gari su zana mota da gidan sama. Wani yaro da aka kawo mana daga wajen Dansadau kuwa babura ya jera tun daga wannan gefen takarda har wancan, kowanne da mutum uku a kai, kowane mutum da dogon layi a kafaɗa. A ƙasa can ya yi wani ɗan ƙaramin da'ira. Na ce masa, "Wannan fa?" Ya ce saniyarsu ce. Ban ƙara tambaya ba, na ce ta yi kyau, ya saka mata ƙaho. Ya daɗe yana zana baburan nan, mako bayan mako, suna raguwa a hankali, saniyar tana girma. Tono labari da ƙarfi daga bakin yaro, wai don ya amayar da abin da ke ransa, sau da yawa fama miki ne kawai. A bar masa ƙofa a buɗe, ya fito lokacin da ya shirya.

Shekarar 2021 ta taɓa har yaran da ba su taɓa ganin ɗan bindiga ba. A ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A farkon Satumba aka sake ɗibar ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar. Da aka koma aji, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in sun zo ta ina za mu gudu?" Amsar da ke zuwa baki ita ce babu wanda zai zo. Amma yaran nan suna da kunne, sun san an zo wasu wurare, kuma ranar da suka kama ka da ƙarya ka rasa su. Abin da ya fi zama shi ne gaskiya daidai tsawonsu: ga mai gadi, ga ƙofa, ga ni, kuma ba zan fita in bar ku ba.

Daga nan na fahimci darajar abin da ba ya canzawa. Yaron da aka tashe shi tsakar dare aka goya aka shiga daji, babban abin da ya rasa shi ne sanin abin da zai biyo baya. Don haka kullum da waƙa ɗaya muke buɗe aji, in kira sunan kowa in dube shi, lokacin tara a yi langa ko 'yar gala-gala, kafin tashi kuma a yi tatsuniya. Ko ofishin hedimasta zan leƙa sai na faɗa musu inda za ni da lokacin da zan dawo. Wata abokiyar aikina tana yi mini dariya wai ina neman izinin yara. To, ajina dai ba a kuka idan na fita.

Sai dai makaranta rabin yini ce. Sauran yana gida, kuma halin da uwa take ciki shi ne halin da yaro yake ciki. Wata uwa da na kira saboda ɗanta ya koma fitsarin kwance ta ce mini, "Malama, wallahi ban san mi as same shi ba, na buge shi har na gaji." Da hira ta yi nisa sai ga shi ita kanta ba ta barci, mijinta yana hannun mutanen daji, ana ta haɗa kuɗin fansa, kuma duk lissafin a gaban yaron ake yi. Ba wa'azi take bukata ba. Mun dai yi yarjejeniya: a daina dukan, a hana 'yan gidan yi masa waƙar amalala, a tashe shi ya yi fitsari kafin ta kwanta, maganar fansa kuma a bari sai ya yi barci. Haka nan hotunan gawawwaki da muryoyin da ake turawa a WhatsApp, manya su kunna a tsakar gida yara na leƙe ta bayan kafaɗa. Wannan kam laifinmu ne gaba ɗaya, ba na 'yan bindiga ba.

Ba na jayayya da iyaye a kan tofi da addu'a. Uban da zai zauna ya dafa kan ɗansa ya karanta masa Falaƙi da Nasi kafin barci ya ba shi abin da ba ni da shi a aji. Inda nake tsayawa shi ne idan an tsaya a nan alhali yaro ya daina magana, ko ya daina cin abinci, ko yana faɗuwa yana shure-shure. Nan sai asibiti. Ba kowane rashin ganewa ne tsoro ba kuma. Akwai yunwa, akwai kunnen da ba ya ji sosai, kuma mu a Zamfara ba mu manta da gubar dalma ta 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ba, wadda ta kashe yara kusan 400, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar wasu da suka rayu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14. A Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma har yanzu in ka ce wa uba ya kai ɗansa a duba, abin da ke faɗo masa a rai Kware ne, asibitin masu taɓin hankali na Sakkwato, sai ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Shi ya sa na daina ambaton ƙwaƙwalwa da farko. Nakan ce a je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau a ga likitan yara saboda rashin barci da ciwon ciki, in rubuta a takarda abubuwan da na lura da su a aji, uwar ta miƙa wa likita da hannunta.