Tsohuwar boilarmu mai cin baƙin mai

Ni ke riƙe da boila, wato tukunyar da ke dafa ruwa ta ba da tururi, a wani kamfanin tatsar man gyaɗa a Sharaɗa, nan Kano. Tsohuwa ce sosai, irin mai bututun wuta ɗin nan da ruwa ke zagaye da su, baƙin mai take ci, kuma muna ajiye firesharta kusan bar 10 a ma'auni, wato tururin ya haura digiri 180 kenan. Duk sabon yaron da aka kawo min wuta yake zuba wa ido, ni kuwa gilashin da ke nuna yawan ruwan cikinta nake fara nuna masa, don matsalar wuta tana faɗa maka da kanta, ta ruwa kuwa ba ta magana sai ta gama ɓarna.

Ta ɓangaren wuta abin da sauƙi. Da hunturu baƙin mai kan daskare yayi kauri, in hita bata ɗumama shi sosai ba nozul ba zai fesa shi da kyau ba, sai kaga baƙin hayaƙi a bututu, kunkunniya ta cika ciki. Ka wanke filta, ka kwance nozul ka jiƙa shi a kalanzir, kar ka sa masa waya ko allura don ramin zai buɗe, ka goge idon nan da ke ganin wuta da tsumma. In bona, wato na'urar da ke hura wutar, ta mutu kar kayi ta danna risat, duk dannawa mai ne ke zuba a ciki bai ƙone ba, ranar da ya kama gaba ɗaya wallahi ƙofar ma zata iya tashi. Bari fanka ta kore iskar tukuna.

Ruwan ne ya wahalar damu. Na bohol muke amfani dashi, akwai lokacin da aka daina sayo gishirin sofna, wato na'urar da ke tace ruwa kafin ya shiga boila, wai ana rage kashe kuɗi, boila bata ce komai ba, kawai dai na lura mai na ƙarewa da wuri, firesha na jan ƙafa kafin ta hau, zafin hayaƙin da ke fita kuma kullum ƙaruwa yake duk da mun share bututun fes. Da muka buɗe ta na leƙa da tocila, farin abu ne ya manne a jikin bututun kamar ƙanzo a gindin tukunya, sai da guduma da kurfi yake ɓallewa. Shi ke tare zafi, ƙarfen yayi ta gasuwa, har bututu biyu sun fara yoyo ta baki. Kuɗin gyaran ya ninka na gishirin nesa ba kusa ba.

Yanzu kowane shif sai an yi bulodan an zubar da laka ta ƙasa, a hura gilashin ruwa a ga ruwan ya dawo da sauri, in ya dawo a hankali to hanyar ta toshe kuma ƙarya gilashin ke maka. Fulot ɗin da ke kashe wuta in ruwa yayi ƙasa shima gwada shi muke, don laka na riƙe shi. In kuwa ruwa ya ɓace a gilashi baka san tun yaushe ba, kashe wuta, kar ka kuskura ka kunna famfo, ruwan sanyi a kan jan ƙarfe shi ke fasa boila. Barta ta huce da kanta, oga yayi faɗansa, a kira injiniya ya duba bututun kafin a sake kunnawa.