Kafin manhajarka ta rubuta "an aika": shawara kan haɗa ta da sabar imel

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a Gusau da Ƙaura Namoda da Birnin Kebbi, da wuya aikin farko da za a kawo muku ya rasa imel a ciki. Makaranta na son sakamakon jarrabawa ya riƙa zuwa wa iyaye da kansa, mai injin casar shinkafa na son rasit ya bi dillali har inda yake, wata ƙungiya kuma na son lambar tabbatar da rajista. Layi goma na kod kan isa a ga saƙon farko ya fita, kuma wannan sauƙin shi ke yaudarar mutum. Kurakuran da zan kawo a nan ni na tafka su da hannuna, kuma yawancinsu tushensu ɗaya ne: sabar tana faɗa mini abin da ya faru, ni kuwa ba na karantawa.

Ƙa'idar da ake bi wajen aika imel sunanta SMTP. Jon Postel ya rubuta ta a 1982, an sabunta ta a 2008, amma har yau zance ne tsakanin ɓangare biyu, layi bayan layi. Manhajarka ta ƙwanƙwasa, sabar ta amsa da 220. Ka yi sallama da EHLO, ta lissafa maka abubuwan da take iyawa. Ka nuna ko wane ne kai da AUTH, in ta yarda ta ce 235. Ka faɗi mai aikawa da MAIL FROM, ka faɗi mai karɓa da RCPT TO, kowanne ta amsa da 250. Ka ce DATA, ta ce 354, wato zuba saƙonka, ka rufe da layi mai ɗauke da ɗigo ɗaya tak, sannan QUIT. Ka riƙe lambar farko ta kowace amsa: 2 na nufin to, 3 na nufin ci gaba ina saurare, 4 na nufin yanzu ba hali, dawo an jima, 5 kuma na nufin a'a, kada ka sake turo wannan a haka. Na daɗe ina haɗa 4 da 5 a kwando ɗaya ina kiran su "ya ƙi tafiya", alhali maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kowane laburare yana da hanyar nuna maka wannan zancen: set_debuglevel a smtplib na Python, SMTPDebug a PHPMailer, debug da logger a Nodemailer. Ka kunna shi ranar farko. Amma ka kashe kafin ka miƙa aiki, domin abin da ke fitowa yana iya haɗawa da kalmar sirrinka cikin base64, wato wata hanyar sauya fasalin rubutu, shi kuwa base64 ba makulli ba ne, ko ɗan aji ɗaya ya samu zai warware shi cikin minti guda.

Sai maganar ƙofa, wato port, lambar da ake shiga sabar ta cikinta. Uku ne za ka yi ta cin karo da su: 25 da 587 da 465. Ta 25 ta sabobi ce, nan suke miƙa wa junansu saƙo, kuma kamfanonin hostin da yawa sun toshe ta saboda masu tura saƙonnin banza. In ka nufe ta, manhajarka za ta tsaya shiru kamar mai jiran mota a hanyar da ba a bi. A 587 ana fara zance a fili, sannan a ce STARTTLS a koma cikin sirri, a sake EHLO, sai a shigar da kalmar sirri. A 465 kuwa tun daga sallama a sirrance ake. Kuskuren da na fi maimaitawa shi ne gauraya su. In ka buɗe 587 da sirri tun farko za ka ga ƙorafin wrong version number, in ka buɗe 465 a fili kuma sai kowa ya zauna yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana. A Python, SMTP_SSL na 465 ne, SMTP tare da starttls na 587. A Nodemailer, secure ya zama true ga 465, false ga 587. Kuma kullum ka sa wa'adin jira, daƙiƙa 20 zuwa 30. In ba ka sa ba, duk ranar da sabis ya yi rauni shafin rajistarka zai yi ta juyawa har mai cikewa ya gaji ya tafi.

In ka ga ƙorafin satifiket, wato takardar shaidar da sabar ke nunawa kafin a shiga sirri, kada ka yi abin da na yi, wato neman layin da ke kashe tantancewa a liƙa. Saƙo zai fita, amma duk wanda ya iya shiga tsakaninka da sabar, ko a waya-fai ɗin shagon intanet ne, zai iya karɓar kalmar sirrinka hannu da hannu. Ka fara duba agogon kwamfutar. A wurinmu da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a wuni, tsohuwar kwamfutar ofis da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan farka da kwanan watan shekarun baya, sai ta ɗauka satifiket ɗin sabar bai fara aiki ba tukuna. Batirin CR2032 guda ɗaya ya kashe maganar. In agogo daidai yake, duba sunan sabar: dole ya zama sunan da ke jikin satifiket, ba lambar IP ba. Masu Python kuma su sani, sai ka miƙa wa starttls abin da ssl.create_default_context ya haɗa maka kafin ka tabbata ana tantancewa.

Yawancinku da Gmail za ku fara, ta smtp.gmail.com. Tun ƙarshen Mayun 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirrin yau da kullum daga manhajoji irin namu a asusun kyauta, don haka ko ka buga ta daidai sau ɗari, 535 za ka gani. Abin yi shi ne ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka ƙirƙiri kalmar sirri ta manhaja mai haruffa 16, ko ka bi ta OAuth2, hanyar ba manhaja izini ba tare da miƙa mata kalmar sirri ba. Ita wannan kalmar ba ta zama cikin kod. Ka ajiye ta a fayil ɗin .env, ka sa sunan fayil ɗin a .gitignore tun kafin ka tura komai GitHub. In ta riga ta tafi, gogewa ba ta wadatar, tana nan a tarihin ma'ajiyar, kuma akwai manhajojin da ba su da aiki sai sintirin neman irinta. Soke ta za ka yi ka ƙirƙiri sabuwa. Kuma ka buɗe wa aikin asusunsa daban da sunan mai aikin. Kada ka ɗora makarantar mutane a kan imel ɗinka, ranar da kuka rabu za a ji kunya.

Yanzu ga wanda ya fi cin raina. Amsar 250 bayan DATA ba ta nufin saƙo ya isa. Kamar ka kai ambulan tashar mota a Birnin Kebbi ne, ɗan kamasho ya karɓa ya ce zai ba direban Yawuri. Ya karɓa, gaskiya ne, amma tsakanin tasha da hannun mai saƙo akwai tafiya. Sabarka za ta nemi sabar mai karɓa, ita kuma tana iya ƙi, ko ta jinkirta, ko ta karɓa ta jefa a akwatin sufam. In aka ƙi daga baya, sanarwar na dawowa ne ga adireshin da ka bayar a MAIL FROM. Ni kuwa na sa adireshin noreply wanda babu mai buɗewa, manhajata na ta rubuta "an aika" da koren rubutu, sanarwar ƙi na ta taruwa inda ba ido. Ka sa adireshin da ake dubawa. A rumbun bayananka kuma ka bambanta "sabar ta karɓa" da "ya dawo", kuma adireshin da ya dawo da 550 ka daina tura masa, domin naci a kan adireshin da ya mutu yana ɓata maka suna a wajen manyan sabobi.

Dalilin da ya fi jefa saƙo a sufam shi ne rashin shaida. In mai aiki yana da domen nasa, a ce mai ƙarewa da .com.ng ko .sch.ng, akwai rubutu uku da za ka sa a DNS, wato kundin da ake duba bayanan domen a intanet. SPF yana lissafa sabobin da aka yarda su aika da sunan domen ɗin. Guda ɗaya ake sa wa domen, yana farawa da v=spf1. In ka ƙara na biyu maimakon ka gyara na farko, duka biyun sun lalace, kuma kada binciken DNS da yake jawowa ya wuce sau 10. DKIM sa hannu ne: sabarka na riƙe da makullin sirri, kai kuma ka buga na fili a DNS, mai tsawon bit 2048 in an ba ka zaɓi. Ka lura wajen kwafe shi, dogo ne, kuma harafi ɗaya in ya faɗi sa hannun ya tashi aiki. DMARC yana zama a ƙarƙashin _dmarc, yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi in shaidun ba su dace da sunan da ke From ba. Ka fara da p=none ka karanta rahotanni na 'yan makonni. Ni na fara da p=reject don ganin ya fi ƙarfi, sai imel ɗin da wani sashe na ofis ke aikawa ta wata sabar daban ya fara dawowa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara. A wajen Gmail kowane mai aikawa sai da SPF ko DKIM, wanda ke tura kimanin saƙo 5,000 a rana kuma sai da duka ukun, da hanyar cire kai daga jeri da dannawa ɗaya.

A nan ne fom ɗin "tuntuɓe mu" ke kayar da mutane. Baƙo ya rubuta adireshinsa, kai kuma ka sa shi a From don mai shago ya ji daɗin amsawa. To ka yi sojan gona ke nan, kana aikawa da sunan domen da ba naka ba. From naka ne, adireshin baƙo a Reply-To yake zama. Kuma duk abin da baƙo ya rubuta wanda zai shiga kan saƙo, wato layukan sama irin su From da Reply-To, ka ƙi shi in akwai alamar sabon layi a ciki, in ba haka ba wani zai cusa Bcc ya mayar da fom ɗinka injin tura saƙonnin damfara.

Kada ka aika imel a daidai lokacin da mutum ya danna maɓalli. Ka rubuta saƙon a teburi cikin rumbun bayanai, da matsayinsa da yawan gwaji da amsar sabar ta ƙarshe, wani ƙaramin aiki na daban ya riƙa ɗauka yana aikawa. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan, sun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a jihar a Satumban 2021 aka yi makonni ba sabis. Manhajar da ke da layin jira tana iya riƙe saƙonninta har hanya ta buɗe, wadda ba ta da shi kuwa sun bi ruwa. In amsa ta fara da 4, kamar 421 ko 451, ka sake gwadawa da tazara mai ƙaruwa: minti 5, minti 15, awa 1, awa 4. Wasu sabobi da gangan suke ƙin baƙo a karon farko don su ga ko zai dawo. Akwai kuma tarko guda: ka gama DATA, sabis ya yanke kafin 250 ta iso. Ba ka san ko an karɓa ba. In ka sake turawa ido rufe, dillali zai ga rasit biyu ya ɗauka kuɗi biyu ake binsa. Ka ware irin wannan da matsayinsa na daban, kuma lambar rasit ta fito a taken saƙo yadda ko ya zo sau biyu za a gane abu ɗaya ne.

In saƙon na mutane da yawa ne, kowa a tura masa nasa. Zuba adireshin iyaye 300 a layin To tona asirin mutane ne, kuma ba a janye shi. Asusun Gmail na kyauta yana tsayawa a wajen 500 a rana, in ka haura a dakatar da kai na wani lokaci, watakila a ranar da aka fi buƙatarka. Aikin da ya kai haka ya koma kan sabis da aka gina don shi, irin su Amazon SES ko Mailgun ko Brevo. Haɗi ɗaya kuma ya isa tura saƙonni da dama, ba sai ka yi sallama da AUTH ga kowane ɗaya ba.

Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna buƙatar tsarin haruffa na UTF-8. PHPMailer ba da shi yake zuwa ba, sai ka sa CharSet da kanka, in ba haka ba "Ƙaura" ta isa a matsayin tarkacen alamomi. Taken saƙo yana da tasa hanyar naɗewa daban da gangar saƙo, shi ya sa ba na son ganin yaro yana haɗa kan saƙo da hannu. EmailMessage na Python yana yin duka. Fayil ɗin da ka maƙala kuma yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, don haka na megabait 15 zai zama wajen 20. Sakamakon jarrabawa bai kamata ya wuce 'yan kilobait ɗari ba, ka tuna da datar uban da zai buɗe shi a waya a Argungu ko Talata Mafara.

Wajen gwaji, kada ka taɓa haɗa kwamfutarka ta aiki da jerin adireshin gaske. Ka girka Mailpit, sabar gwaji da ke tare saƙo ba ta aika shi waje, ka nuna wa manhajarka ƙofa ta 1025, duk abin da ta aika zai tsaya nan ka duba shi a burauza ta 8025. Sai ka gamsu sannan ka tura saƙo uku na gaske, ɗaya zuwa Gmail, ɗaya Yahoo, ɗaya Outlook. A na Gmail ka danna ɗigo ukun nan na gefe ka zaɓi Show original, a saman shafin za ka ga SPF da DKIM da DMARC, kowanne da PASS ko FAIL a gabansa.