Abin da na duba kafin na sayi firiza a wannan karon

Shekaru biyu da suka wuce na sayi firij na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai muke ce musu ƴan Beljiyam, domin girmansa da sauƙin kuɗinsa sun ja hankalina. Da hunturu ya yi mana aiki yadda ake so, amma da bazara ta kama, zafin Kano ya haura ma'auni 40 a watan Afrilu, sai injinsa ya riƙa gurnani dare da rana babu hutu, ruwan da ke ciki kuwa bai fi na randa sanyi ba. Mai gyaran da na kira ne ya nuna mini wata ƴar takarda da aka manna a jikinsa, wadda ban taɓa kula da ita ba, ya ce in dubi harafin N da ke kanta.

Wannan harafi yana nuna irin yanayin da aka ƙera firij domin sa. Mai N yana jure zafin ɗaki har ma'auni 32, mai ST har 38, mai T kuma har 43. Firij ɗin ba shi da laifi. An yi shi ne don ɗakin girki a ƙasar da zafinta bai kai namu ba, ni ne na kawo shi inda ba muhallinsa ba. Ya dame ni ƙwarai cewa bayani mai muhimmanci kamar wannan yana manne a jikin kaya, amma mai saye ba ya tambaya, mai sayarwa ma sau da yawa ba ya ambatonsa.

Da na tashi sayen wani, sai na fara da lissafin wutar gidana kafin in taka kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareto kullum ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na dogara da sola da batir biyu idan an ɗauke wuta. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar kimanin wat 2,400 na awa guda, sai dai irin mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe. Ke nan abin da nake da shi a dare bai kai yadda nake zato ba, kuma fankoki da fitilu suna da rabonsu a ciki. Firiza matsakaiciya ba ta cin wuta sosai yayin da take aiki, amma a daidai lokacin da injinta ya tashi takan fizgi ninkin abin da ta saba ci har sau uku ko fiye, wannan fizga ce ke kashe ƙaramar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida. Shi ya sa na nemi mai injin da ke tashi a hankali, ko da yake kuɗinta ya ɗara.

Na kuma zaɓi mai buɗewa ta sama maimakon mai ƙofa a tsaye. Iska mai sanyi tana da nauyi, idan aka buɗe ƙofar tsaye sai ta zube ƙasa ta fita, amma a irin mai murfin sama tana kwance a ciki. Ga gidan da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan bambanci ya fi ado da fitilun da ke jikin kaya amfani nesa ba kusa ba. Uwargida ta fi son mai ƙofa biyu saboda sauƙin jera kwanuka, kuma tana da gaskiya ta wannan fuska, amma da muka auna cewa babbar buƙatarmu ita ce ajiyar nama, markaɗen tumatir da ƙanƙarar buɗa-baki da azumi, sai ta amince.

A kasuwar Sabon Gari na tambayi masu gyara wane iri ne ake samun kayan gyaransa a gari, na karɓi takardar garanti mai hatimin shago, na haɗa da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta. Firizar mai lita 200 ce, harafin T ne a jikinta. Na ajiye ta a baranda mai inuwa, na bar tazara tsakaninta da bango domin zafin injin ya sami hanyar fita, na kuma jera robobin ruwa a ƙasanta su daskare, su riƙe sanyi idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Naman layyarmu na bana a cikinta ya zauna har muka cinye shi.