Godiya bayan makon duba ƙari da cututtukan jijiyoyin jini da gaɓoɓi

Alhamdu lillahi, an kammala makon duba masu fama da ƙari irin wanda ba kasafai ake gani ba, da matsalolin jijiyoyin jini da na gaɓoɓi. A madadin kwamitin shirye-shirye, muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu. Allah ya saka da alheri.

Godiyar farko ta likitocin hoto ce, don su suka tsaya kai da fata cewa ba za a sa wa kowane kumburi wuƙa ba sai an gan shi a hoto. Ƙa'idar tsohuwa ce, sai dai ana yawan take ta: ƙullutun da ya wuce santimita 5, ko yake can cikin tsoka, ko yake ta ƙara girma, ana zarginsa da sankara har sai an wanke shi. Hoton MRI, wato na'urar da ke nuna cikin jiki da maganaɗisu, tukuna, sannan a ɗebi nama da allura don gwaji. Ita ma hanyar allurar ba da ka ake zaɓenta ba. Likitan da zai yi tiyatar shi ke nuna wurin, domin ranar aiki sai an yanke hanyar tare da ƙarin. Wanda ya tsaga hannu ko ƙafa a gicciye don ya leƙa, ya watsa cutar cikin lafiyayyen nama ke nan, kuma aikin da bai taka kara ya karya ba yana iya kaiwa ga yanke gaɓa.

Ma'aikatan ɗakin gwaji, sannunku da ƙoƙari. Kun dage a jefa nama cikin fomalin, ruwan da ke hana shi ruɓewa, nan take, ruwan ya ninka naman sau 10, an rubuta gefen da aka yanko shi.

Likitocin yara da na jijiyoyin jini sun raba mana abu biyu da ake yawan haɗawa. Jan ƙarin jarirai yana bayyana ne a makonnin farko bayan haihuwa, ya girma da sauri, sannan ya riƙa ja da baya a hankali. Ba duka ake taɓawa ba, sai wanda ke barazana ga ido ko numfashi, ko ya zama gyambo. Tun 2008, da likitoci a Faransa suka gano amfanin maganin propranolol, shi ake bayarwa, miligiram 2 zuwa 3 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, tare da shayarwa. In yaro ya ƙi mama ko yana amai, a dakatar, saboda sukarin jininsa na iya faɗuwa. Tawayar jijiyar jini kuwa da ita ake haihuwar mutum, ba ta bajewa; irin mai jinkirin gudun jini tana cika in an sauke hannu ƙasa, ta sace in an ɗaga. Sikanin da ke auna gudun jini shi ke raba gardama: mai jinkirin gudu ana tsuke ta da allura, mai saurin gudu kuwa ko kusa kada a soke ta don ɗibar nama.

Likitocin hannu sun nuna wa ɗalibai ƙarin ƙarƙashin farce, wanda bai wuce 'yan milimita ba amma yake hana barci. Kan fil ake dannawa a wuri ɗaya, mara lafiya ya zabura ya fizge hannu. A tsoma yatsan a ruwan sanyi, zafin ya taso. A ɗaure dantse da robar awon hawan jini, ya lafa. Cire shi gaba ɗaya shi ne maganin.

Ga likitocin ƙashi, mun gode da darasin gwiwar da ke ta tara ruwa mai launin ƙasa-ƙasa ko jini ba tare da buguwa ba. Ƙarin fatar cikin gaɓa ke yin haka, kuma nau'in da ya bazu yana yawan dawowa bayan an kankare shi, shi ya sa ba a sallamar mai shi daga bibiya. Gaɓar da ta yi zafi da zazzaɓi kuwa, a zuƙi ruwanta kafin a fara maganin ƙwayoyin cuta, in ba haka ba gwajin ya fito fanko.

Likitocin sa barci, ma'aikatan jinya, masu gashin ƙashi da waɗanda suka ba da jini, mun gode ƙwarai. Majinyata da iyalansu kuma, mun gode da haƙurin jiran sakamako. Ranar dawowa a zo da tsofaffin hotuna duka da takardar gwajin nama, ko da a waya aka ɗauke ta.