Abin da kufan Witley Court ya koya mini game da rufi

Cikin gidajen da aka kai mu gani lokacin da nake karatun kula da tsofaffin gine-gine a Ingila, Witley Court da ke Worcestershire ne ya fi tsaya mini a rai. Katafaren gidan manya ne a karkara, yanzu kuwa bangaye da ginshiƙai ne tsaye, ba rufi ba taga.

Kowa ka tambaya zai ce gobarar 1937 ce ta cinye shi. Wutar kam ta yi ɓarna, amma sashe mai yawa na gidan ya tsira. Mai shi a lokacin, Sir Herbert Smith, wanda ya yi arziki da masaƙar kafet a Kidderminster, bai gyara ba, sai ya sa shi a kasuwa. A shekarun 1950 masu sayen kayan rusau suka shigo, suka kwashe darmar rufi da katako da duk abin da zai yi kuɗi. Daga nan ruwa ya samu hanya. Na tsaya gindin wani bango ina kallon sawun da ruwan sama ya bari daga sama har ƙasa, ga ciyawa ta kafa saiwa a tsagar dutse. Duk wanda ya taɓa ganin abin da toshewar indararo ke yi wa soron ƙasa cikin damina ɗaya ya san wannan ciwon. Tun daga lokacin, in aka ce in duba tsohon gini, sama nake fara hawa kafin in kalli ado.

Akwai kuma batun abin da ke riƙe da gida. Iyalin Foley sun sayi Witley Court a 1655 da kuɗin da suka samu a sana'ar ƙarfe, iyalin Dudley suka karɓa a 1837 suka ƙawata shi da kuɗin gawayin ƙasa. Da bashi ya yi musu yawa, suka sayar a 1920.

Cocin da ke manne da gidan bai rasa rufinsa ba, domin mutanen ƙauyen Great Witley suna ibada a ciki, kuma zanen silin ɗin da aka sayo daga Cannons, wani katafaren gida da ke kusa da Landan, a 1747 yana nan. Gwamnati ta karɓi kufan a 1972. Hukumar English Heritage da ke kula da shi ba ta sake gina shi ba. Bangayen ake ƙarfafawa don kada su zube, aka kuma gyara babban maɓuɓɓugar lambun har tana feshin ruwa.