Laraba a Ikeja: Inda Hasumiya Ta Daina Ba Da Umarni

Hazo ya kwana a Legas, don haka tashin da aka tsara mana da sassafe sai da ya koma bayan azahar. Ƙa'idar tuƙi da ido ita ce, wanda zai bi ƙasa da ƙafa 3,000 a sararin da ba a iko da shi ya iya hangen nisan kilomita 5, ya kauce wa gajimare, kuma kada ƙasa ko ruwa su ɓace masa. Akan sassauta wa jirage masu saukar ungulu irin namu saboda suna iya rage gudu, amma Kyaftin ya ce ba inda za shi sai gari ya washe.

Maimakon mu ɓata safiyar da hira, sai ya tara mu, mu mataimaka, a ɗakin shiri. Dattijo ne Bakatsine da ya yi shekaru yana tuƙi a Ingila. Ya fara da abin da aka koya mana tun a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wato hukumar ICAO mai tsara dokokin sufurin jiragen sama ta duniya ta kasa sararin samaniya aji bakwai, daga A zuwa G, kuma daga A zuwa E ne kawai mai kula da zirga-zirga yake da iko. A ajin G ba a neman izinin shiga, ba kuma wanda ya ɗauki alkawarin raba ka da wani jirgi. Hidima biyu ce ta rage maka: a ba ka bayani kan yanayi, filayen sauka da jiragen da aka san suna kusa, sannan a ankarar da masu ceto idan aka ji ka shiru. A ƙasar nan hukumar NAMA mai kula da sararin samaniya, wadda aka kafa a 1999, ita ke wannan aiki, kuma sararin Najeriya gaba ɗaya sunan Kano yake ɗauke da shi a taswirar matuƙa, ko da kuwa a kan tekun Legas kake.

Inda na fi ƙaruwa shi ne tsarin da Ingila ta fito da shi a 2009, wanda ya kasa hidimar gida huɗu. A ta farko za a ba ka bayani na gama-gari, amma ba dole ne a sa maka ido a na'urar rada ba. A ta biyu ana kallonka a rada, ana gaya maka inda sauran jirage suke, kaucewa kuwa taka ce. A ta uku har shawara ake ba ka kan inda za ka karkata ko tsayin da za ka koma, ta huɗu kuma ba rada, da rahoton da matuƙa ke bayarwa ake aiki. Matuƙi ne ke faɗin wadda yake so, mai kula ya maimaita wadda ya amince zai bayar. Kyaftin ya ja mana kunne cewa waɗannan sunaye na can ne, kada wani ya buɗe rediyo a nan ya nemi abin da ba a sani ba. Duk da haka tsarin ya burge ni, domin kowane ɓangare ya faɗa da bakinsa iyakar abin da ya ɗauka, kuma a dukkan huɗun alhakin kauce wa karo bai bar wuyan matuƙi ba. A ganina babban haɗarin yana ga matuƙin da ya saba da filin Murtala Muhammed, inda ko motsawa ba ka yi sai da izini, har ya ɗauka duk muryar da ya ji a rediyo tana tsaronsa ne.

Da muka tashi mun yi gabas, gadar Third Mainland ta wuce a ƙarƙashinmu, muka miƙa wajen Epe. Can sai mai kula ya sanar da mu mun fita daga yankinsa, ya ba mu QNH, wato ma'aunin nauyin iska da ake saita agogon tsayi da shi. Na maimaita masa lambar, domin tana cikin abubuwan da dole ne a maimaita. Jim kaɗan ya ƙara da cewa akwai wani jirgi a ƙarfe biyunmu, ba a tabbatar da tsayinsa ba. Hancin jirgi shi ne ƙarfe sha biyu, don haka yana gabanmu ta dama ke nan. Na amsa da "roja", wato na ji, ban ce "wilko" ba, domin wannan alkawarin bin umarni ne, kuma ba a ba mu umarni ba.

Kyaftin ya dube ni ya ce, "Me ya ce mu yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai ce mu yi komai ba."

Ya ce, "To, idonka waje."

Mun ɗan jima muna lalube kafin mu hango shi kamar ƙuda a jikin labule, yana ƙasa da mu kaɗan. Kyaftin da kansa ya karkata dama muka bi ta bayansa, ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Muna sauka ya sa na kira na shaida mun iso lafiya. Dalili kuwa, idan minti 30 suka wuce lokacin da aka sa ran isowarka ba labari, za a shiga matakin shakku da ake kira INCERFA, daga nan na fargaba, ALERFA, sannan na haɗari, DETRESFA, wanda a kansa ake tayar da masu nema da ceto. Mantuwar kira ɗaya tana iya hana mutane da yawa zama.

Kafin mu watse ya bar mana tambaya, mu kawo amsa a rubuce: me za ka yi idan rediyonka ya mutu a can inda muka je yau? Na rubuta tawa yanzu bayan isha'i a nan Agege. Zan sake gwada mitar da nake kai, in gwada wata, har da ta gaggawa, 121.5. Idan shiru, zan sa lamba 7600 a na'urar da ke nuna jirgi a rada, alamar rediyo ya mutu, in lura kada hannu ya kai 7700 ta babban haɗari ko 7500 ta fashin jirgi. Sannan in ci gaba da tuƙi da ido, in sauka a filin da ya fi kusa kuma ya dace, in buga waya in sanar da saukata nan take.